Muhawara: GAG ne ko CTC? Yadda harafi ɗaya ke tafiya daga DNA har ya zama sikila

Zauren Malaman Kimiyya da Ma'aikatan Lafiya na Zango, Kumasi

Malam Sulemana: Assalamu alaikum, sannunku da aiki. Littattafai biyu da masu shirin WASSCE ke karantawa sun saɓa a kan canjin da ke kawo sikila. Ɗaya ya ce GAG ne ya koma GTG, ɗayan ya ce CTC ne ya koma CAC. Sannan duk sun ce a matsayi na 6 abin ya faru, amma takardun gwajin DNA suna rubuta 7. Wanne za a riƙe?

Hajiya Rukayya: Wa alaikumus salam, Malam. Ba wanda ya yi kure a cikinsu. DNA igiya biyu ce a murɗe, kowace harafinta na fuskantar abokinsa, A da T, G da C. Inda igiya ɗaya ta ce GAG, wadda ke gabanta dole ta ce CTC. Inzayim mai yin kwafi, wato RNA folimares, igiyar CTC yake bi yana karantawa, sai ya fitar da mRNA, wato saƙon da ake kwafowa daga DNA, mai cewa GAG. Littafi na farko ya rubuta igiyar da ta yi kama da saƙon, na biyu ya rubuta igiyar da ake kwafa daga gare ta. A mai sikila, igiyar da ake karantawa CAC ce, abokiyarta GTG, saƙon da ya fito kuma GUG, tunda RNA ba ta da T, U take sawa a gurbinta. GAG na nufin gulutamik asid, GUG kuma balin, duka biyun amino asid ne, wato tubalan da ake jerawa a gina furotin.

Malam Sulemana: Madalla, Hajiya. Saura 6 da 7.

Fuseini: Malam, ga farkon saƙon beta-gulobin, sarƙar haimogulobin ɗin da sikila ke shafa, a ƙirga tare: AUG GUG CAU CUG ACU CCU GAG GAG AAG. Kowane rukunin haruffa uku kodon ne. Na farko AUG ne, metiyonin, kuma da shi kowace sarƙar furotin ke farawa. GAG ɗin da ake magana a kai shi ne na bakwai a wannan jeri. Amma ana tsakiyar ƙera sarƙar wani inzayim yake yanke metiyonin ɗin farko ya yar, sai balin ya zama na ɗaya, gulutamik asid ɗinmu ya dawo na shida. Waɗanda suka fara nazarin abin, irin su Vernon Ingram a 1956 da 1957, furotin ɗin da ya gama nuna suka yanka suka ƙirga, shi ya sa suka ce 6. Masu gwajin DNA na yanzu daga AUG suke ƙirgawa. Kodon 147 ne a saƙon ban da na tsayawa, amino asid 146 ne a sarƙar da ta kammala.

Malama Zainabu: A jarrabawa dai a rubuta 6. Shi ne abin da mai duba takarda ya saba da shi.

Amma kafin mu yi nisa mu daidaita kalmomi, don a rediyo "ƙwayar halitta" ake ce wa ɗakin da ma abin da ke cikinsa, sai ɗalibi ya ruɗe. Mu ce tantani ga shi ɗan ɗakin da jiki ya ginu da shi, mu ce ƙwayar gado ga yankin DNA da ke ɗauke da umarnin furotin ɗaya. Mataki na farko mu kira shi kwafi, na biyu fassara. Misalin da ya fi shiga kan yara shi ne kundin malam da allo. Kundi ba ya fita daga zaure, sai dai a kwafi darasin yau a allo a fita da shi, in an gama a wanke. DNA ce kundin, cibiyar tantani ce zauren, mRNA ce allon.

Dakta Abdul-Mumin: Misalin ya yi kyau, Malama, amma yana da rami ɗaya. Almajiri abin da ya gani a kundi shi yake sawa a allo, shi ke nan. Tantanin ɗan Adam kuwa sai ya kwafa duka, sannan ya dawo ya yanke mafi yawan abin da ya kwafa. Ku ɗauki ƙwayar gadon beta-gulobin, HBB, da ke kan kuromosom na 11. Tsawonta kusan haruffa 1,600 ne. Tana da yankuna uku masu ma'ana, ekson, da biyu da ake cirewa, intiron, ɗaya haruffa 130, ɗayan 850. Saƙon da ke fita daga cibiya bai wuce haruffa ɗari shida da 'yan kai ba, kuma a cikinsu 444 ne kawai raibozom, injin ƙera furotin, ke fassarawa, idan an haɗa da kodon na tsayawa. Wanda bai fahimci wannan yanke-yanken ba ba zai gane talasimiya ba, wani ciwon ƙarancin jini da ake gada.

Malam Sulemana: To Dakta, a bi mana shi daki-daki, daga inda folimares yake zama.

Dakta Abdul-Mumin: Bismillah. Gaban ƙwayar gado akwai wurin zaman inzayim, furomota. A HBB akwai akwatin TATA kimanin haruffa 30 kafin inda kwafi ke farawa. Wani furotin mai suna TBP ne ke fara kama wurin, ya lanƙwasa DNA, sauran mataimaka su taru, sannan folimares na biyu ya zo. Na biyu nake cewa domin uku ne a tantaninmu: na ɗaya yana yin yawancin RNA ɗin da ake gina raibozom da ita, na uku yana yin tRNA mai dakon amino asid, na biyu shi ke yin mRNA. Wani mataimaki mai suna TFIIH ya warware igiyoyin biyu, folimares ya kama hanya. Kowace igiya tana da baki biyu, ana kiran su 5' da 3'. Yana karanta igiyar daga ƙarshen 3' zuwa 5', yana gina saƙo daga 5' zuwa 3', ba ya taɓa juyawa.

Saƙon bai kai haruffa talatin ba ake ɗora masa hula a goshi, wani G ne da aka maƙala wa metil. Hular nan ce ke kare shi daga inzayim masu cinye RNA, kuma ita raibozom zai nema daga baya. Ana cikin tafiya, injin yankan intiron yana bin sawu. Alamar da yake dubawa ƙarama ce ƙwarai: kusan kowane intiron da GU yake farawa, da AG yake ƙarewa. A can ƙarshe, in folimares ya wuce AAUAAA, sai a datse saƙon a ɗan gaba kaɗan a jera masa wutsiyar A kimanin 200 zuwa 250. Hula, yanka, wutsiya. Sai an cika ukun nan ake barin sa ya fita ta ƙofofin cibiya.

Gudun folimares kusan haruffa dubu biyu zuwa uku ne a minti, don haka HBB cikin minti guda ake gama ta. Amma ƙwayar gadon distirofin, wadda lalacewarta ke kawo ciwon shanyewar tsoka na Duchenne, ta haura haruffa miliyan 2, da ekson 79. Kwafinta sau ɗaya yana cin kusan awa 16, kuma bayan yanka abin da ya rage haruffa dubu 14 ne kacal.

Fuseini: Wannan ai ɓarna ce, Dakta. A kwana ana rubutu a zubar da fiye da kashi 99.

Dakta Abdul-Mumin: Da ɓarna ce zalla da ba ta dawwama ba. Ribar ita ce ana iya haɗa ekson ta hanyoyi daban-daban, ƙwayar gado ɗaya ta ba da furotin iri-iri gwargwadon tantanin da take ciki. Ƙwayoyin gadonmu masu yin furotin kusan dubu 20 ne kawai, amma nau'in furotin da ke jikinmu ya ninka haka. Sai dai duk inda aka sa wuƙa akwai haɗarin yanka ba daidai ba. Akwai talasimiyar da harafi ɗaya ne ya canja a cikin intiron na farko, G ya koma A a matsayi na 110, sai ya ƙirƙiri AG na bogi. Injin ya yanka a nan, ya bar haruffa 19 na intiron a cikin saƙo. Tunda 19 ba ya rabuwa da uku, duk karatun da ya biyo baya ya karkace. Akwai kuma wadda aka fi samu a mutanen asalin Afirka, canji a akwatin TATA ɗin kansa, a matsayi na 29 kafin mafari. Can furotin ɗin lafiyarsa ƙalau, yawansa ne ya ragu domin folimares ba ya samun zama da kyau.

Hajiya Rukayya: Wannan bambancin shi ne abin da nake so ɗalibai su riƙe. Talasimiya matsalar yawa ce, sikila matsalar siffa. A sikila kwafi yana tafiya daidai, yanka daidai, hula da wutsiya daidai, raibozom ma bai yi kuskure ba. GUG aka ba shi, balin ya sa. Amana ya riƙe, saƙon ne ya zo da abin da ya zo da shi.

Malama Zainabu: Bari in karɓi fassarar, a gyara mini inda na kauce. Raibozom gida biyu ne, ƙarami 40S da babba 60S, in sun haɗu 80S. Kullum sai wani ya tambaya me ya sa 40 da 60 ba su ba da 100 ba. Amsa ita ce S ba nauyi ba ne, awon saurin nutsewa ne a injin juyawa, kuma siffa tana shafar sa. Ƙaramin gidan ne ke kama hular saƙo, ya yi ta zamewa har ya tarar da AUG, sannan babban ya rufo.

A ciki akwai gurabe uku, A da P da E. tRNA kamar 'yan dakon kasuwar Kejetia suke, kowace da kayanta a ka, amino asid guda, da lambarta a ƙafa, haruffa uku da ake kira antikodon. Mai kayan da lambarta ta dace da kodon ɗin da ke gurbin A ita ke shiga. Sarƙar da ke rataye a jikin ta gurbin P sai a ɗauke ta a ɗaura a kan sabon amino asid, raibozom ya matsa haruffa uku, wadda ta sauke kaya ta fice ta E. Haka har a iso UAA, UAG ko UGA. Waɗannan ukun ba su da tRNA, wani furotin ne mai sakin sarƙa ke shiga gurbin. Kodon 64, 61 na amino asid 20, uku na tsayawa. Na farko da aka gano ma'anarsa UUU ne, fenilalanin, aikin Nirenberg da Matthaei a 1961.

Alhaji Muntari: Malama, kin tsallake wanda ya fi kowa aiki. Raibozom lambar ƙafa kawai yake dubawa, ba ya leƙa kayan da ke ka. In aka ɗora wa tRNA ɗin gulutamik asid wani abu daban, haka zai karɓa ya ɗaura. Mai fassara na gaskiya shi ne wanda ya yi lodin, inzayim ɗin da ake kira sintetes, kusan ɗaya ga kowane amino asid. Shi ya san harshen nan biyu. Wasunsu har gurbin tacewa gare su, in sun ɗauki balin a maimakon aisoliyusin su tsinke shi kafin ya tafi. Da duk wannan, kuskuren fassara yana kaiwa kusan ɗaya cikin dubu zuwa ɗaya cikin dubu goma, wanda ya fi na kwafin DNA yawa nesa ba kusa ba. Jiki yana jurewa ne saboda furotin da ya lalace ana niƙe shi a sake wani, ba a gadar wa 'ya'ya.

Kuɗin aikin kuma ba kaɗan ba ne. Kowane amino asid yana cin ɗaurin makamashi huɗu daga ATP da GTP, sinadaran da ke ɗauke da makamashin tantani: biyu daga ATP wajen lodi, GTP ɗaya wajen shiga gurbin A, GTP ɗaya wajen matsawa. Sarƙar beta ɗaya kusan 600 ke nan.

Malama Zainabu: Na karɓi gyara, Alhaji. Allah ya ƙara sani.

Fuseini: Baba Alhaji, ƙari kaɗan. Abin da ke ɗaura amino asid da ɗan'uwansa a cikin babban gidan ma ba furotin ba ne, RNA ce. Hotunan tsarin raibozom ne suka tabbatar, aikin da ya sa aka ba Ramakrishnan da Steitz da Yonath kyautar Nobel a 2009. Kuma ba raibozom ɗaya ke bin saƙo ba. A saƙon gulobin akan samu kamar biyar a jere, kowane da tsawon sarƙarsa, suna sa amino asid biyar ko shida a daƙiƙa. Baktiriya sun fi mu sauri, suna kai 15 zuwa 20.

Tambayata ga Hajiya: jan tantanin jini ba shi da cibiya, to ina yake samun saƙon?

Hajiya Rukayya: Ba ya samu, guzuri ya yi. A ɓargo, tun yana da cibiya, yake tara mRNA ɗin gulobin mai yawa, kuma saƙon gulobin yana da daɗewa, ba irin allon da ake wankewa da yamma ba ne. Bayan ya tofar da cibiyar yana ci gaba da fassara na kwana ɗaya ko biyu a cikin jini. A wannan matakin ne muke kiran sa retikulosait, kuma ɗigon shuɗin da muke gani in mun rina shi ragowar raibozom ne da RNA. Daga nan shi ke nan, da haimogulobin kusan miliyan 270 da ya tara zai yi kwana 120 ɗinsa. Na mai SS kwana 10 zuwa 20 yake yi ya fashe, shi ya sa ƙidayar retikulosait ɗinsu kullum a sama take, ɓargo na ta biyan bashi.

Abin da balin ke yi kuwa: gulutamik asid yana da caji, yana son ruwa. Balin ba ya son ruwa, ga shi an ajiye shi a fatar furotin ta waje. In iskar oksijin ta sauka, wani ɗan rami yana buɗewa a haimogulobin na kusa, tsakanin fenilalanin na 85 da liyusin na 88, sai balin ya faɗa ciki. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, su zama dogayen sanduna masu igiya 14 da ke miƙe tantanin ya koma kamar lauje. Gwajin sikilin da muke yi da sodiyam metabaisalfait kashi 2 cikin ɗari wannan yanayin muke ƙirƙira a kan gilashi, mu janye oksijin mu jira. Amma gwajin nan ba ya raba AS da SS, duka zai ce akwai. Masu shirin aure su nemi elektiroforesis ko HPLC, gwaje-gwajen da ke rarrabe nau'o'in haimogulobin.

Malam Sulemana: Haimogulobin C fa, Hajiya? A nan Aboabo da Asawasi ana yawan jin AC da SC.

Hajiya Rukayya: Kodon ɗaya ne da na S, harafin da ya canja ne daban. S harafin tsakiya ne, GAG zuwa GUG. C harafin farko ne, GAG zuwa AAG, laisin. C ya fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso, kuma Zango cike yake da mutanen da asalinsu can ne. A takardar elektiroforesis mai pH 8.6 ana ganin lissafin da ido: gulutamik asid cajinsa na ragi ne, balin babu caji, laisin na ƙari. Don haka A ya fi nisa wajen tafiya, S a tsakiya, C a baya. Da harafin ƙarshe ne ya canja, GAG zuwa GAA, da ba abin da zai faru, gulutamik asid ne har yanzu. Da kuma A ɗin tsakiya ɓacewa ya yi gaba ɗaya, karatu ya karkace tun daga nan, ba za a sami sarƙar beta ba sam, talasimiya ke nan mai tsanani. Wuri ɗaya, sakamako huɗu.

Dakta Abdul-Mumin: SC kada a raina shi. Yakan yi sauƙi a yarinta, amma yana taɓa ido da ƙashin ƙugu. Kuma dalilin da ya sa jariri mai SS yake fitowa lafiya shi ma batun kwafi ne. Tun yana cikin uwa, ƙwayar gadon gama-gulobin ce a kunne, tana ba da haimogulobin F, wanda ba ya shiga sandunan nan. Bayan haihuwa wani furotin, BCL11A, yana danne kwafin gama, beta ta karɓi aiki, wajen wata shida alamu su fara, sau da yawa kumburin hannu da ƙafa. Wannan tazarar ce ta sa gwajin jarirai ke da amfani, kuma a nan Kumasi aka fara shi a 1995 ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Kusan jarirai 2 cikin 100 a Ghana da ciwon ake haifar su. Maganin haidiroksiyuriya yana ɗaga F. Maganin Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 bai taɓa GTG ɗin ba ma, makunnin BCL11A ya lalata a tantanin ɓargo domin gama ta dawo.

Alhaji Muntari: Tunda an zo magani, rabin kantin magani a kan matakan nan biyu yake aiki. Raibozom ɗin baktiriya 70S ne, 30S da 50S, ya bambanta da namu, a nan ake samun wurin duka. Tetirasaikilin da doksisaikilin suna toshe gurbin A a 30S. Jentamaisin da sitireftomaisin suna sa 30S ya karɓi tRNA da ba ta dace ba, furotin ya fito a hargitse. Eritiromaisin da azitiromaisin suna toshe ramin da sarƙa ke fita a 50S. Kuloramfenikol yana hana ɗaurin kansa. Rifamfisin na tarin fuka shi kwafi yake tsayarwa, yana kama folimares ɗin baktiriya. In ƙwayar gadon folimares ɗin, rpoB, ta canja a wani yanki mai haruffa 81, maganin ba ya kamawa, kuma wannan yankin ne injin GeneXpert ke dubawa a majina.

Fuseini: Ke nan waɗannan magunguna ba sa taɓa tantaninmu ko kaɗan?

Alhaji Muntari: A'a, ɗana, kada ka faɗi haka a gaban mai jarrabawa. Mitokondiriya, ɗan sashen tantani mai samar da makamashi, tana da nata raibozom, kuma ya yi kama da na baktiriya. Shi ya sa kuloramfenikol in ya yi yawa yake danne ɓargo. Akwai kuma masu canjin harafi ɗaya a RNA ɗin raibozom na mitokondiriya, a matsayi na 1555, waɗanda jentamaisin kan kurmantar da su ko da an ba su daidai awo, kuma ta wajen uwa ake gadon sa.

Dakta Abdul-Mumin: Ƙaramin gyara, Alhaji. Danne ɓargon da ke bin yawan kuloramfenikol shi ne na mitokondiriya, kuma yana warwarewa in an daina. Wanda ɓargo ke mutuwa gaba ɗaya daban ne, ba ya bin awo, yana iya zuwa makonni bayan an gama shan maganin.

Namu raibozom ɗin ma yana da masu kashe shi. Gubar ƙwayar zurma harafin A guda ɗaya take cirewa daga RNA ɗin 60S, raibozom ya tsaya cak. Gubar mashaƙo kuma furotin ɗin da ke tura raibozom gaba take lalatawa, EF-2, shi ya sa take kama zuciya bayan maƙogwaro.

Malama Zainabu: Akwai wata tambaya da ke fitowa a aji: in ƙarfen jini ya yi ƙaranci, me ya sa jan tantani ke ƙanƙancewa ya koɗe, alhali ƙwayar gadon gulobin lafiya take?

Hajiya Rukayya: Birki ne a matakin fassara. In babu ƙarfe babu him, jan abin da ke riƙe oksijin. Akwai inzayim a tantanin ɓargo, HRI, wanda him ke danne shi. Him na raguwa sai ya farka ya maƙala fosfet a jikin eIF2, mai rako tRNA ta farko zuwa 40S. Fassara ta tsaya tun a AUG, saƙon yana nan amma ba mai karanta shi, don kada a tara gulobin tsirara ya daskare ya kashe tantanin. A sakamakon gwaji za a ga MCV, awon girman jan tantani, ƙasa da 80. Sai dai mai ɗauke da talasimiya ma haka nasa yake fitowa, don haka a duba feritin, awon ajiyar ƙarfe a jiki, kafin a ɗora mutum a kan ƙwayar ƙarfe wata da watanni.

Malam Sulemana: Na gode ƙwarai. Zan ba su jerin da Fuseini ya kawo, su fitar da igiyar da ake karantawa, da antikodon na kowane kodon, sannan su canja na bakwai ta hanyoyi huɗun da Hajiya ta lissafa.

Fuseini: Malam, a sa su rubuta 5' da 3' a kowane layi. Antikodon ɗin AUG in an rubuta shi daga 3' UAC ne, daga 5' kuma CAU, kuma CAU ɗin nan shi ne kodon na uku a jerin, histidin. A nan za su faɗi in ba a sa alamar ba.